Kwalba Biyu

Kaka ta yi a Kaltungo.
Dawa ta sunkuyar da kai, gyaɗa na jiran hannu,
kububuwa na kwance ƙarƙashin harawa
ita ma tana jiran nata rabon.

Ƙarfe takwas na karɓi aikin dare.
Sista Rifkatu ta miƙo min makullin firij,
ta ɗaga yatsu biyu, ba ta ce uffan ba.
Kwalba biyu ke nan,
sai Litinin motar Gombe za ta zo.

Goma ta gota aka shigo da Giɗaɗo a kan babur,
ɗan shekara sha ɗaya, sandarsa a hannun baffansa.
Ƙafa ta zama turmi, dasashi na tsattsafo da ja.
Na ɗebi jininsa na ajiye,
minti ashirin ina gadin agogo.
Tsululu. Ya ƙi kamawa.

Sai ga fitilar jif ta wanke taga.
Ɗan mai gidan mai ne, an sare shi a diddige.
Nasa jinin ya kama kamar kindirmo:
macijin ya kai sara, bai zuba dafi ba.
Na ce, Alhaji, a gode wa Allah, mu sa masa ido.
Ya ce a yi allurar dai,
ko don hankalin uwarsa ya kwanta.
Ambulan ya sauka a tebur, ko ƙara bai yi ba.

Ba zan ɓoye ba, na dube shi.
Kuɗin hayata na ciki,
da takalmin makarantar Ladidi,
da bashin mai shinkafa da nake canza hanya dominsa.
Na dube shi har idona ya ji kunyata.
Sannan na tura shi da gindin biro
ya koma inda ya fito.

Ya kira wani, wanin ya kira wani,
wayata na ta kyarma a aljihu.
Na rataya ruwa, na fasa ta fari, na fasa ta biyu,
duka a jijiyar Giɗaɗo.

Da a nan daren ya ƙare, da na yi barci.

Ƙarfe biyu aka kawo Mama Keziya daga Ture,
zaninta duk ƙasar gona.
Na buɗe firij, alhali na san abin da ke ciki,
na buɗe shi sau uku.
Sanyi kawai.
Na buga Billiri, na buga Gombe, na buga duk lambar da na sani,
daga baya na jawo kujera.
Tafinta kaushi ne, irin na mai fartanya.
Ta ce, 'yata, a faɗa wa Ishaku
ya kwashe gyaɗar nan kafin akuyoyi.
Bakwai saura kwata ta cika.

Babba ya zo da ƙamshin sabulu,
ya ce, rubuta an kawo ta a makare.
Ba da faɗa ya ce ba, shi ma yana da na samansa.
Biron ya yi min nauyin taɓarya.
Na rubuta: Ta iso ƙarfe biyu, tana magana.
Babu magani.
Na sa hannu, da cikakken sunana.

Takardar tuhuma za ta zo, na sani.
A bayan wod na yi kukana, kusa da tankin ruwa,
Rifkatu ta same ni, ta ɓare min ƙosai biyu,
ta zauna har na cinye.

Da zan fita Giɗaɗo ya ɗago kai,
yana tambaya ko an shayar da maruƙa.

Na wanke farar rigata, na shanya.
Tabon da ke hannun riga bai fita duka ba.
Na gaya wa Ishaku zancen gyaɗa.
Takwas na dare kuma
na miƙa hannu na karɓi makulli.